Rijiyar Kwarin Gugaram

Mijina Lawan, in kana so ya manta da ciwon baya, tambaye shi kakanninsa. Ubansa soja ne, kakansa sojan raƙumi tun zamanin Faransa, uban kakan kuma, a faɗarsa, da takobi ya hauro daga Damagaram. Na sha jin wannan jeri a tsakar gidanmu a Arlit har na haddace. Shi kansa kuwa direban babbar mota ne a wurin haƙar uraniyom har ya ajiye aiki, kuma ko danƙo bai taɓa harbawa ba.

A shekarar 2008, 'yan tawaye na cikin duwatsu, ana tsoron nakiya a hanyoyi, amma hakan bai hana sababbin kamfanoni bazama cikin daji suna tono ba. Sai labari ya zo cewa ɗaya daga cikinsu zai kewaye wani kwari da waya kusa da Gugaram. A kwarin nan akwai rijiya da lambun dabino da kowa ya sani na danginsu Lawan ne. Hakimin wurin ya aiko cewa mai haƙƙi ya zo ya faɗi asalinsa a gaban dattawa, in ba haka ba waya za ta haɗa har da rijiyar.

Lawan ya tashi haiƙan. So yake a tabbatar masa da wurin don ya bar wa ɗanmu Anas, wanda shi ma soja ne a lokacin. Jerin nasa dai a kan uban kaka yake tsayawa, yana kuma son ya ƙara hawa sama. Aka ce ya nemi Amumun, wani tsohon Ba'abzine da rikici ya koro daga Gugaram, ya kafa bukkar tabarma a gefen gari da 'yan awakinsa. Duk wata haihuwa da aure na kwarin nan suna kansa.

Na ce masa ya fara biyawa ta wurin Tani, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Ya haɗe rai. Tun da ɗanta Akoli ya bi 'yan tawaye, Lawan ya ɗauke ƙafa daga gidanta, wai gidan sojoji ba ya haifar ɗan tawaye. Ni dai ban daina zuwa ba, kuma a gabansa nake ɗaukar mayafi. Abin yana ci mini rai, don na san Tani ba ita ta aiki yaron ba.

Ranar da za a je wurin Amumun, Lawan ya sa babbar rigarsa ta salla, ya sayi shayi da sukari. Na bi shi, don ba na son a ba ni labari. Tsohon ya dafa shayi a hankali, ya bar Lawan ya jero sojojinsa kaf, yana gyaɗa kai. Ya ce duk gaskiya ne, ya ma ƙara masa ɗaya a sama, wani jarumi mai suna Mano. Lawan ya dube ni yana murmushi, kamar ni na taɓa musa masa.

Sai Amumun ya tambaye shi sunan uwar uwarsa. Lawan ya san sunan raƙumin kakansa, amma wannan bai sani ba.

Tsohon ya yi masa bayani ba tare da gori ba. Duk mazan da ya lissafa baƙi ne a kwarin. Aikin soja ya kawo na farkon, ya auri 'yar wurin, ya shiga bukkarta. 'Ya'yansa da jikokinsa su ma can suka riƙa komawa neman aure. Rijiyar da dabinon kuwa, wata tsohuwa ce tun da can ta keɓe su ga 'ya'yanta mata, daga uwa zuwa 'ya, ba a sayarwa, ba a rabawa. Namiji yakan sha ruwan, ya tsare wa 'yar'uwarsa, iyakarsa ke nan.

“To yanzu ta wa ce?” in ji Lawan.

“Ta Tani. Bayanta, 'yarta.”

“Anas fa?”

“Anas ya je ya tambayi wannan,” in ji tsohon, ya nuna ni da leɓe. Ni da ko akuya ban gada ba a garinmu Tasawa.

Na so in yi dariya, amma da na ga fuskar mijina sai tausayi ya kama ni. Mutum ya rayu yana tsammanin yana da abin da zai bar wa ɗansa, a zama ɗaya a ce babu. Kwana biyu ba ya cin tuwon kirki. Ya san kuma in Tani ba ta je gaban hakimi ba, wurin ya tafi ke nan, ba nasa ba nata. Da safiyar Alhamis ya ce in raka shi unguwar Bukoki, gidan Tani.

Mun sami Tani tana tankaɗe. Ta rame sosai. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta durƙusa ta gaishe shi kamar jiya suka rabu, ta tambayi lafiyar Anas. Shi bai iya tambayar labarin Akoli ba. Ya sunkuyar da kai ya gaya mata komai, ya ce zai nemi mota su bi ayarin da sojoji ke rakawa, zai kuma tsaya a gaban dattawa ya shaida da bakinsa cewa rijiyar tata ce.

Tani ta karkaɗe garin hannunta, ta dube shi.

“Yaya, da rijiyar taka ce, da ka zo?”

Lawan ba maƙaryaci ba ne, wannan na shaide shi.

“Da ban zo ba,” ya ce.

“To, gara da ta zama tawa.”

Ta tashi ta shiga ɗaki ɗauko masa ruwa. Daga inda nake zaune ina jin ta tana jan hanci.