Siddiƙu Turke

Ruwa na cikin gudu a fangalin albasa lokacin da Halliru ya ɗago kai ya hango maƙwabcinsa Siddiƙu zaune a kan kunya, fartanya a yashe gefensa. Da farko bai damu ba, don ganin Siddiƙu zaune a gona ba labari ba ne a fadamar Wurno. Sai da ya lura ruwan ya cika fangalin ya tsallaka yana malala a hanya, mutumin kuwa bai miƙa hannu ya toshe ba, sannan ya san ba lafiya ba. Duk zaman da Siddiƙu ke yi, bai taɓa barin ruwa ya tafi a banza ba.

Halliru ya jefar da tasa fartanyar ya nufe shi yana jan ƙafar hagu, wadda gwiwarta ta daɗe da daina lanƙwasawa. Ya tarar da shi ya dafe ƙirji, zufa na keto masa, leɓɓansa sun yi fari.

"Mi yas same ka?"

"Kashe injin tukuna," in ji Siddiƙu, da ƙyar. "Mai shina ƙonewa banza."

Halliru ya kashe injin ban ruwan, ya fita bakin hanya ya tare wani ɗan kabu-kabu. Suka ɗora Siddiƙu a tsakiya, Halliru ya hau baya ya rungume shi, suka nufi asibitin gari. Ya ji ƙasusuwan mutumin a ƙirjinsa, ya yi mamakin yaushe ya rame haka, alhali kullum suna tare.

Gidajensu a jere suke, kuma tun suna samari suke tare, a ƙungiyar ƙwallon garin. A wancan zamani ne ake ginin dam ɗin Goronyo, manyan motoci na wucewa da duwatsu, aikin ya tara mutane daga ko'ina, har da 'yan Gana. Ma'aikatan dam suka kafa ƙungiya mai riguna iri ɗaya da takalma masu ƙusa, samarin Wurno kuwa wani da kambas, wani ƙafa tsirara. Halliru ɗan tsakiya ne, irin wanda ba ya tsayawa: yanzu yana baya yana ƙwatar ƙwallo, yanzu yana gaba yana raba ta. Siddiƙu shi ne lamba tara, ɗan gaba. Da an busa usur sai ya taka a hankali ya je kusa da 'yan bayan abokan karawa ya tsaya, hannu a ƙugu, kamar mai jiran mota. 'Yan kallo ne suka raɗa masa Turke, wai ko akuya aka ɗaure a ƙafarsa ba za ta ɓata ba.

Amma yana ci. Wannan shi ne abin da ya hana a cire shi, shi ne kuma abin da ya fi ƙona ran Halliru.

Ranar da suka je Goronyo a bayan tifa don karawa da 'yan dam, har yau tsofaffi na ba da labarinta. Halliru ya yi gudu har harshensa ya manne da ganda. Duk sanda ya waiga sai ya ga Siddiƙu tsaye yana hira da golan Goronyo, wani dogo mai suna Lauwali, wai yana tambayarsa ko shi ɗan Kagara ne, don ya ga kama da wasu dangin uwarsa. Ana gab da tashi Halliru ya ƙwace ƙwallo ya dako ta gaba, ba don ya ga kowa ba, don dai ya huta. Siddiƙu ya ɗan taka kaɗan zuwa inda babu wanda ya yi zaton za ta sauka, ya taɓa ta da gefen ƙafa, ta shige raga. Jama'a suka ɗauki Turke a kafaɗa. Halliru kuwa yana bayan tifa yana amai, ba wanda ya neme shi sai da aka zo tafiya.

Shekara ta zagayo suka je wasa Rabah. Wata ƙwallo ta gangaro tsakanin Siddiƙu da wani ƙaton ɗan baya, Siddiƙu ya dube ta bai motsa ba. Halliru ya taho a guje daga tsakiya ya kai mata ƙafa, ƙaton ya sauka a kan gwiwarsa. Daga ranar bai sake wasa ba.

Gardamarsu ta fara daga nan, kuma ba ta ƙare ba. Suka yi aure, suka haihu, aka raba filayen noman rani kowa ya samu nasa kusa da na ɗan'uwansa, furfura ta fito, gardamar tana nan. Kullum bayan la'asar a gindin dogon yaron ƙofar gida, da an taɓa zancen ƙwallo sai Halliru ya ce ƙiwa ce kawai Allah ya rufa wa asiri. Siddiƙu ya yi murmushi ya ce ƙwallo aka yi don gudu, mutum kuwa kai aka ba shi. Samarin unguwa kan tayar da zancen da gangan don su sha dariya, musamman in an dawo daga gidan kallo ana zagin wani ɗan gaban Turai da ba ya komawa baya taimako. Ba su taɓa ambaton Rabah ba, ko a cikin zafin musu.

A asibiti aka kwantar da Siddiƙu 'yan kwanaki. Likitan ya kira matarsa Sauda da babban ɗansa Abdulƙadiri, Halliru na tsaye a bayansu, ya ce zuciyar ce ta kumbura ta gaji, kuma ba ciwon jiya ba ne, mai yiwuwa tun yana saurayi yake tare da shi. Sauda ta ja mayafi ta rufe baki. Halliru ya fita waje ya zauna a kan dakali, maganar nan ta ƙarshe tana ta juyawa a kansa. Tun yana saurayi.

Aka dawo da shi gida da magunguna da ƙafafu a kumbure. Ba ya iya kwanciya sosai, sai aka jingina shi da filo a zaure, inda iska ke shigowa. Halliru ya haɗa ban ruwan gonakin biyu, don Abdulƙadiri malamin makaranta ne a Dinawa, sai ƙarshen mako yake samun zuwa. Da yamma yakan wanke ƙafa ya shigo zauren ya zauna, ya ba da labarin albasa, Siddiƙu ya saurara ido a lumshe, wani lokaci ya ce ruwan ya yi yawa, tun daga yadda aka kwatanta masa ganyen.

Kwanaki Halliru yana juya tambayar a baki. Wata la'asar, bayan Sauda ta ajiye musu kunu ta koma ciki, ya ce, "Siddiƙu, abin da likita yah hwaɗi. Ashe ciwo na ah hana ka gudu? Mi yas sa ba ka taɓa gaya mani ba?"

Siddiƙu ya buɗe ido. Halliru bai taɓa ganin ransa ya ɓaci irin haka ba.

"Likitan nan ya gan ni ina wasa? An haihe shi sannan?" Ya tsaya ya ja numfashi. "Kak ka maishe ni abin tausai, Halliru. Lahiyata lau munka tai Goronyo."

Ya yi bayani a hankali, yana tsayawa tsakanin kalmomi. Ya ce ɗan bayan da ka yi ta gudu da shi, idonsa a kanka yake. Wanda ya ga ka tsaya kuwa, tun yana kallonka har ya gaji ya koma kallon ƙwallo, to a lokacin ne kake da shi. Ya ce shi ƙafafun mutane yake kallo, da inda iska ke kaɗawa, da kafaɗar Halliru, don kafin Halliru ya buga ya riga ya san inda za ta. In da shi ma ya bi ta a guje kamar kowa, wa za a tarar a gaba?

Halliru ya sha jin wannan, amma yau bai yi musu ba. Ya dubi gwiwarsa da ke miƙe a kan tabarma.

"Rabah hwa?"

A waje wata mota ta wuce da buhunan tafarnuwa, warin ya shigo ya fita.

"Rabah," in ji Siddiƙu. "Na daɗe ina tunanin ƙwallon nan. Wata rana in ce na duba na ga ba ni kai mata. Wata rana in ce tsoron ƙaton nan ni ji. Wata rana in ce ƙiwa ta, kamar yadda kaka hwaɗi." Ya juya tafin hannunsa sama. "Wallahi ban sani ba. Da na sani da na gaya maka tuni."

Halliru ya ɗauki kwanon kunun ya motsa da ludayi, ya ce ai shi ma ba wanda ya aike shi, ƙwallon ma waje za ta fita. Siddiƙu ya yi 'yar dariya da ta koma tari, Halliru ya riƙe masa kafaɗa har tarin ya lafa, sannan ya ba shi kunun a baki.

Siddiƙu bai kai cirar albasa ba. Wata safiya da hantsi Halliru yana dawowa daga fadama, ya ciro manyan kawuna guda biyu daga gonar Siddiƙu don ya nuna masa, ya jiyo salatin Sauda tun daga kan kwana. Ta ce Siddiƙu ya nemi ruwan alwala, ta shiga ɗebowa, ta fito ta tarar ya cika yana jingine yadda ta bar shi.

Bayan azahar aka yi masa salla. Halliru ya so ya kama makara, aka bar masa gefe guda, amma samari masu sauri ne, ƙafarsa kuwa ba ta biyo su. Tun kafin a fita unguwa wani ya karɓe shi. Ya bi baya yana ɗingishi, makarar na ƙara nisa a saman kawunan mutane, ya ce a ransa bai taɓa ganin Turke ya yi sauri haka ba. Sai a lokacin hawaye suka zubo masa.

Washegari wani dogon tsoho ya sauka daga mota da sanda, ya yi sallama a wurin zaman makoki. Sai da ya faɗi sunansa Halliru ya gane Lauwali ne, golan Goronyo. Bayan an yi addu'a ya ce shi fa har gobe bai gane yadda malalacin nan ya ci shi ba, mutum yana tambayarka danginka sai ka ji ƙwallo a raga. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Wani ya juya ga Halliru, don kowa ya san matsayinsa, ya ce to yau ga shaida ta zo masa har gida.

Halliru ya ce, "Kun gan shi tsaye. Ni ka ba shi ƙwallo, ban taɓa dubawa na rasa shi ba."



Da yamma Halliru ya raka Lauwali tasha, ya dawo ya shiga gidansa don yin alwala. 'Yan'uwan Sauda sun wanke kayan mamacin sun shanya a kan katangar da ta raba gidajen biyu. Hannun wata shuɗiyar riga ya zubo ta ɓangaren Halliru, ruwa na ɗiga daga bakinsa a kan ƙasa, kusa da inda kaji ke kiwo. Ya ajiye butar, ya tsaya yana kallo.