Sai An Maimaita

Karo na huɗu ke nan Malam Tasi'u yana danna kalmar sirrin, shafin yana ce masa ba ita ba ce. Ya gwada sunan mahaifiyarsa, ya gwada shekarar da ya fara aiki, ya gwada sunan ƙauyensu da ruwan Tiga ya shanye tun yana ɗan firamare. Duk a banza. Ya ɗaga tabarau ya murza ido, ya gyara zama a gindin darbejiyar da ke bakin madatsar ruwa, inda kowa a Tiga ya san nan waya ta fi kamawa.

Shekara goma sha ɗaya rabonsa da wannan bulog, shafin da yake rubutu a intanet. "Daga Hasumiya" ya sa masa suna, lokacin yana ma'aikacin kula da zirga-zirgar jiragen sama, yana zaune a ɗakin gilashin nan na can sama yana gaya wa matuƙa su sauka ko su dakata. A shafin yakan ba da labarin hazo da hadari, da shayin da suke dafawa tsakanin jirgi da jirgi. Masu karantawa ba su taɓa kai ɗari ba, rabinsu ma abokan aiki ne masu neman inda ya ambaci sunansu.

Da safiyar nan, yana shirin fita duba albasarsa, waya ta yi ƙara. Nusaiba ce, 'yar Sha'aibu Doguwa, mutumin da suka yi shekara goma sha takwas suna zama kujera da kujera a hasumiya, wanda yanzu shanyewar ɓarin jiki ta kwantar.

"Baba Tasi'u, ina kwana. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Nusaiba. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Baba. Hannun ne dai har yanzu, maganar ma sai a hankali." Ta rage murya. "Baba, sun sake tono rubutunka. Tun da aka ce ma'aikatan hasumiya za su shiga yajin aiki, ake ta yawo da shi a waya. Jiya wani ya zo dubiya, ya karanta wa babanmu a gabanmu. Bai ci abinci ba."

Ba ta zarge shi ba, ba ta roƙe shi komai ba. Ta yi masa sallama da ladabi ta kashe. Wannan ladabin ne ya hana shi zuwa gona.

Ya san rubutun kamar yadda ya san Fatiha. A yajin aikin da aka yi shekara goma sha ɗaya da suka wuce, Sha'aibu ne shugaban ƙungiyarsu. Kukansu ɗaya ne: mutum huɗu na yin aikin mutum goma, har ido ya riƙa rufewa alhali ga jirgi ɗauke da rayuka a sama. Ranar da aka ajiye aiki, Tasi'u ya hau hasumiya. Tsoro ne ya kai shi, ba wani abu ba, domin ƙarin girma yana gabansa. Abokai suka daina amsa sallamarsa, wani ya rubuta "maci amana" da alli a jikin motarsa. Cikin wannan zafin ne ɗan kawunsa Gwadabe, mai yi wa jam'iyya mai mulki yaƙi a intanet, ya zo da shawara. Tasi'u ya buɗe shafinsa ya rubuta cewa da idonsa ya ga Sha'aibu na fitowa daga gidan ɗan takarar adawa, mako guda kafin yajin.

Gaskiya ne ya gan shi. Abin da bai rubuta ba shi ne ta'aziyya suka je, mahaifiyar mutumin ce ta rasu, kuma a motar Tasi'u suka je, shi ne ma ya ja. Cikin kwana biyu rubutun ya zagaye ƙasa. Yajin ya watse, aka sallami Sha'aibu daga aiki, aka ƙara wa Tasi'u girma. Daga ranar bai sake leƙa shafin ba.

Ya taɓa zuwa Doguwa, shekara shida da suka wuce. Ya ratsa Tudun Wada da dajin Falgore yana bitar abin da zai faɗa. Sha'aibu ya shimfiɗa masa darduma a zaure, aka kawo fura, ya tambaye shi iyali ɗaya bayan ɗaya. Da Tasi'u ya fara kame-kamen neman gafara, sai Sha'aibu ya ɗaga masa hannu.

"Tasi'u, ka manta aiki ne? In ka ba jirgi umarnin da ba daidai ba, a layin da ka bayar kake gyarawa, kowa na ji. Ba ka bin matuƙi gida."

Ya raka shi har bakin mota. Tasi'u ya dawo da niyyar gyarawa a makon, sai mako ya zama wata, wata ya zama shekaru.

Yanzu shafin ya gaji da shi, ya ce zai tura lambar shiga zuwa wayar da aka yi rajista da ita. Ya duba ƙarshen lambar. Layin matarsa Hauwa ne. Ya sa hannu a aljihun gefe ya ciro ƙaramar wayarta mai maɓallai. Shekara uku da rasuwarta, amma duk wata yana sa wa layin kati don kada kamfani ya ba wani, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba. Wayar ta yi ɗan kukan nan nata da ya saba ji daga ɗakin girki. Ya daɗe yana riƙe da ita kafin ya karanta lambar.

Shafin ya buɗe. Ga hotonsa nan da baƙin gashi, yana murmushi kamar wanda bai taɓa yi wa kowa laifi ba. Ga rubutun a sama, sababbin sharhi sun taru a ƙarƙashinsa. Har dariyar takaici ta kama shi da ya ga hoton rubutun da ake yaɗawa: an yanke sunan ɗan takarar. Dole a yanke, domin mutumin ya sauya sheƙa tuni, yau shi ne ubangidan su Gwadabe. Sunan Sha'aibu kaɗai aka bari.

Ya fara rubutu da yatsa ɗaya. Can ƙasa masunta na jan kwale-kwale zuwa gaɓa, mata masu sarin kifi na jiran su da robobi. Babu wanda ya ɗago ya dube shi. Tun da ya yi ritaya ya dawo, mutanen gari suna girmama shi daga nesa, suna ce masa Malam na jirgi, amma ba su san me za su ce masa ba bayan gaisuwa. 'Ya'yansa biyu suna birni, sai kiran Juma'a.

Ya kai sakin layi na biyu ke nan ya ji tsayuwar babur. Ko bai waiwaya ba ya san Gwadabe ne, don shi kaɗai ke neman sa har nan.

"Salamu alaikum. Yaya, na je gida ba ka nan, na je gona ba ka nan. Na ce to, sai ofis." Ya zauna a kan saiwar bishiyar yana fifita da hula. "Ka ga yadda tsohon rubutunka ke tashe? Wallahi Mai Girma da kansa ya tambaye ni ko kana nan da rai. So muke ka farfaɗo da shafin nan. Ka ɗan ƙara mana wani, ka ce wannan yajin ma siyasa ce. Kai ka san cikin abin, maganarka tana da nauyi."

"Shafin nake farfaɗowa."

"Alhamdu lillahi. Mu gani."

Tasi'u ya miƙa masa wayar. Gwadabe ya karanta, fifitar ta tsaya.

"Yaya, mene ne haka? Wa ya tambaye ka?"

"Babu."

"To, don Allah goge. Abin da ya wuce shekara goma sha ɗaya? Mutumin nan ko aikin ba za a mayar masa ba. Kai za ka tashi a maƙaryaci, ni kuma ka jefa ni a bakin mutane, don kowa ya san ni na kai rubutun sama."

"Ban sa sunanka ba."

"Sai ka sa? A garin nan?" Ya sassauta murya. "Yaya, dubi zamanka. Wa ke shiga gidanka in ba ni ba? Wa ya kwana biyu da kai a asibiti bara? Ni ban taɓa ƙin ka ba. Amma in wannan ya fita, ba zan iya a gan ni a ƙofarka ba. Ka san yadda harkar take."

Wannan ce ta soke shi, domin gaskiya ce. Gwadabe ɗan surutu ne, ya sauya jam'iyya sau uku ba tare da ya sauya hula ba, amma shi ne mai ɗaga labulen zauren ya ce, "Yaya, kana ciki?" In ya daina zuwa, gidan zai koma shi da rediyo. Tasi'u ya ji tsoron wannan shirun ƙwarai, irin tsoron da ya hau da shi hasumiya a wancan karon.

"Sha'aibu ba shi da lafiya, Gwadabe. Jiya an karanta masa a kan gadonsa."

"Allah ya ba shi lafiya. Ka je ka duba shi, ni zan kai ka ma. Ku yi maganarku ku biyu."

"Na gwada wannan. Ba ta nan ake gyarawa ba."

Gwadabe ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Ya tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya ce, "Allah ya kyauta," ya tada babur. Tasi'u ya bi shi da ido har ya sha kwanar gidajen ma'aikatan ruwa.

Ya ƙarasa rubutun bayan azahar. Bai yi tsawo ba. Ya faɗi ranar, ya faɗi gidan, ya faɗi wadda ta rasu, ya faɗi launin motar. Ya ce game da yajin yanzu ba shi da jam'iyya, abin da ya sani kawai shi ne idon mutum yana gajiya. Ya rufe da jimla uku: "Ta'aziyya muka je. Ni na ja motar. Ni Tasi'u na yi wa Sha'aibu Doguwa ƙarya." Ya danna, ya tura wa Nusaiba, ya kifa wayar a cinya.

Kafin la'asar sharhi ya fara zuba. 'Yan jam'iyyar Gwadabe suka ce an saye shi, tsufa ya zo masa da kwaɗayi. 'Yan adawa suka ɗauka suna murna, suka liƙa hoton ɗan takararsu a kai, da gani ba su karanta ya wuce kanun ba. Wani ya tambaya ko ana ɗaukar ma'aikata a filin jirgi. Ba wanda ya ambaci Sha'aibu. Ya yi sallar la'asar a nan gindin bishiyar, shi kaɗai, ya koma ya zauna.

A hasumiya akwai ƙa'ida. In ka ba matuƙi umarni, ba ka ɗauka ya ji sai ya maimaita maka shi kalma da kalma. Kai kuma ba ka sake shi sai ka saurari maimaicin ka tabbatar masa daidai ne. Da Turanci ake yi, amma shi da Sha'aibu sun mayar da abin wasa har a Hausa. "Shayi biyu, ɗaya ba sukari." "Shayi biyu, ɗaya ba sukari." "Daidai ne." Hauwa takan ce su biyun sun fi aku.

Saƙon Nusaiba ya nuna an buɗe tun ƙarfe uku. Huɗu ta wuce, biyar ta gota. Masunta suka watse, inuwar darbejiya ta miƙe har cikin ruwa. Ya fara gaya wa kansa cewa ya makara, kuma ba wanda ya jawo sai shi.

Sai wayar ta motsa. Rubutu ne gajere: "Baba, na karanta masa sau biyu. Bai ce ya yafe ba, bai ce komai ba. Ya dai sa na ɗauki muryarsa. Ban gane ba, abin da ka rubuta kawai ya faɗa. Ka yi haƙuri."

A ƙasa ga saƙon murya, daƙiƙa ashirin da shida. Ya kara a kunne. Da farko numfashi ne kawai, da kukan akuya daga nesa. Sannan muryar ta zo, a karye, harshen yana ja, amma da tsarin nan na aiki, kowace kalma a wurinta.

"Ta'aziyya... kuka je. Kai... ka ja motar. Kai Tasi'u... ka yi wa Sha'aibu Doguwa... ƙarya."

Shiru ya biyo baya, amma ba a kashe ba. Daƙiƙa biyar na ƙarshe numfashi ne na mai jira.

Tasi'u ya cire tabarau ya ajiye a kan wayar Hauwa. Rubutawa da yatsa abu ne mai sauƙi ashe. Sau biyu yana danna maɓallin ɗaukar murya yana saki. A na uku ya gyara zama, ya miƙe baya kamar yana kan kujerarsa ta da, ya kawo wayar kusa da baki.

"Daidai ne," ya ce.