Hoton Tagwayen Nana Hauwa

Saƙon ya shigo wayar Hajiya 'Yardada da safiyar Talata, tana tsaka da dama kunu a tsakar gidansu da ke Gwammaja. Wayar wata uku ke nan a hannunta, surukinta Nazeer ne ya kawo mata tsaraba, kuma har yanzu abu biyu ta iya da ita: amsa kira, da buɗe Watsaf ta saurari saƙon murya. Ta goge hannu a zani, ta shafa gilashin, sai ga jarirai biyu kwance cikin farin tawul. Ɗaya ya wage baki yana hamma, ɗayar ta dunƙule hannu kamar mai shirin dambe. A ƙasan hoton ga muryar Nazeer: an yi wa 'yarta Nana Hauwa aiki da asuba, an samu tagwaye, mace da namiji, kowa lafiya.

Shekara tara da aurar da Nana Hauwa zuwa Fatakwal, inda mijinta yake aiki, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Ita ce 'yar fari, waɗannan kuma su ne jikokin fari. 'Yardada ta manta da duk wata kara, ta saki ludayi a cikin kunu, ta nufi inda mijinta yake zaune a kan tabarma da rediyonsa.

"Malam! Malam, duba ka gani! Biyu ne!"

Malam Gwadabe ya yi shekara talatin da biyar yana koyarwa a firamare, kuma a cikin ɗalibansa ba wanda zai iya rantsuwa ya taɓa ganin haƙoransa. Ya sauke tabarau kan hanci, ya dubi hoton, ya miƙa mata wayar.

"To, alhamdulillahi. Allah ya raya. Kunun bai yi ba ne?"

"Kunu? Yanzu Malam maganar kunu kake yi?"

Ta koma gefe tana ƙunƙuni, tana ta danne-danne wai ko hoton zai ƙara girma. Wayar ta yi ɗan ƙara alamar caji ya yi ƙasa, sai ta jona ta, ta jingine ta a jikin taga, ta figi mayafi ta yi waje da takalmi wari da wari. Gidan Indo ta nufa, aminiyarta tun suna 'yan mata, mai yin alkaki da dubulan, wadda katanga ɗaya ce ta raba su.

Ba a daɗe ba suka dawo tare, Indo tana rangaɗa guɗa tun daga zaure, hannunta duk gari. Malam yana nan inda aka bar shi, rediyo a kunne.

"Barka, Malam, barka da arziki!"

"Barka dai, Indo."

"Ina suke? Nuna min mijina da kishiyata tun kafin zumuɗi ya kashe ni."

'Yardada ta zare wayar daga caji. Ta danna nan, ta danna can, har ta isa Watsaf. Ta ɗora yatsa a kan sunan Nazeer, amma garin waigawa ta ba Indo labarin hammar da yaron ya yi, yatsan ya daɗe a wurin. Wasu alamomi suka fito, ta taɓa ɗaya, wani rubutun Turanci ya biyo baya, ta sake taɓawa don ya ba ta wuri. Ya kuwa ba ta wuri. Sunan Nazeer, da muryarsa, da jariran, duk suka ɓace.

"Innalillahi! Indo, sun tafi!"

"Ina suka tafi? Yaran da ko kwana ba su yi ba?"

"Yanzu suna nan wallahi! Ga wa'azin Juma'a, ga gaisuwar 'yan Madobi, ga mai tallan atamfa, amma su babu."

Indo ta ce abin ai mai sauƙi ne, a bugo wa Nazeer ya sake aikowa. 'Yardada ta dafe ƙirji.

"In buɗe baki in ce wa surukina na goge 'ya'yansa ranar da aka haife su? Ke dai ba ki da ta ido. Ita kuma yarinyar nan tana kwance, ba zan tashe ta ba."

Sai a lokacin Malam ya kashe rediyo. Ya gyara zama, ya miƙo hannu kamar yadda yake karɓar littafin ɗalibi.

"Kawo nan. Abu ne na ilimi. Duk abin da ya shiga na'ura yana da ma'ajiya, sai dai a rasa mai karatu."

Shi wayarsa ƙarama ce mai madannai, kuma ya sha faɗa cewa mai shafe-shafen nan ta marasa aikin yi ce. Amma Turanci dai ya iya. Matan suka durƙusa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kawuna uku a kan gilashi guda. Malam ya shafa daga sama, ya taɓa wani abu, sai haske ya dalle idon Indo, wadda ta leƙa ta ƙasa don ta ga ko hoton ya zame ta baya.

"Wayyo idona! Malam, tocila ka kunna!"

"Na sani. Gwaji nake yi."

Ya sake taɓa wani wuri, sai ga lambobi da alamun tarawa da ɗebewa. Ya fita, ya shiga wani, agogo ya fara ƙara kamar na makaranta. Ya danna wani kuma, sai suka ji ringin, kafin su ankara murya ta cika tsakar gida.

"Hajiya, ina kwana? Nama ne? Yau akwai ƙirji mai kyau, akwai kayan ciki."

Gambo mahauci ne. 'Yardada ta yi caraf ta ce, "Gambo, tagwaye muka samu!" Gambo ya yi kabbara, ya ce shi ne zai fiɗe ragunan suna, kada a kuskura a kira wani. Da ƙyar aka samu aka katse shi, don ba wanda ya tuna inda ake kashewa.

Malam ya share gumi da bakin hula. Ya hango hoton kyamara, ya ce, "Yauwa. Inda aka ɗauki hoto, nan hoto yake kwana." Ya danna da ƙarfin gwiwa. Wata ƙatuwar fuska ta cika gilashin, hanci a gaba, furfura a ƙasa, ido biyu a zare a bayan tabarau.

"A'uzubillahi! Wane ne wannan?"

Indo ta faɗi zaune. "Jaririn ne, Malam! Da gemunsa aka haife shi!"

'Yardada ta so ta daure saboda mijinta, amma dariyar ta ƙwace mata ta hanci. Malam ya ɗaure fuska, ya ajiye wayar a tabarma, ya ce masu ƙera ta ne ba su da tsari.

Indo ta share hawaye ta ɗauka. Ba ta yi boko ba, ko harafi ɗaya ba ta sani ba, don haka ba ta damu da rubutun ba sam. 'Yan zanen da ke jere ta tsaya tana kallo ɗaya bayan ɗaya, tana nunawa da yatsa mai gari.

"Wannan kan tarho ne, shi ya kira mana Gambo. Wannan ambulan ne, na wasiƙa. Wannan kamar ƙafar keke, ban yarda da shi ba. To wannan fa? Ku duba, ga Goron Dutse, ga rana ta fito a bayansa. Wa zai zana dutse da rana in ba mai hoto ba?"

Malam ya leƙo ta saman tabarau. "An rubuta galari. Galari ai ɗakin kallo ne, ba ma'ajiya ba."

"To mu da me muka zo yi? Ba kallon ba?"

Ta dangwala yatsa. Gilashin ya cika da ƙananan hotuna, layi-layi, ta ja sama suna ta fitowa ba iyaka. 'Yardada, wadda za ta iya dafa Alƙur'ani ba ta taɓa ɗaukar hoto ba, ta ga haɓarta sau goma sha ɗaya. Ta ga silin ɗin ɗakinta, ta ga babban yatsan ƙafarta da lalle, ta ga cikin jakarta da goro da carbi. Akwai kunnenta shi kaɗai. Akwai rabin akuyar maƙwabta. Akwai wani da aka ɗauka a gidan biki, ba kowa a ciki sai bakin Indo a buɗe, loma tana hanyar shiga.

"La ilaha illallahu! 'Yardada, ashe leƙen asiri kike min?"

"Wallahi ban san tana yi ba! Ashe duk inda na riƙe ta aiki take."

Suka yi ta dariya har suna riƙe juna. Can Indo ta koma saman layin, ta ga na farko yana da wata 'yar alama a tsakiya.

"Wannan na yau ne, ga tabarmar nan. Ƙila su ne."

Ta taɓa, hoton ya fara motsi. Tsakar gidan ce, daga jikin taga. Aka ga bayan 'Yardada tana fita da gudu. Aka ga Malam zaune da rediyo. Ya ɗaga kai ya dubi ƙofa, ya ɗan jira, sannan ya ajiye rediyon, ya fuskanci gabas ya yi sujjada mai tsawo. Malam na zahiri kuwa ya fara miƙa hannu.

"Kawo wayar nan, Indo. Wannan ba shi muke nema ba."

Indo ta ja da baya, domin Malam na cikin waya ya miƙe. Ya tura hula gaban goshi. Kafaɗar dama ta motsa, ta hagu ta amsa. Ya tattare jallabiya, ya fara takawa a hankali, yana zagaya tukunyar kunu. Ya sunkuya ya ɗauki muciya ya rungume a hannu ɗaya, ya zaro ludayi ya rungume a ɗayan, yana jijjiga su yana rera wata waƙa da ya ƙirƙira nan take: "Gwadabe ya yi jika, ba ɗaya ba, biyu ne! A gaya wa Gwammaja, ba ɗaya ba, biyu ne!" Ya yi juyi, takalmi ɗaya ya fice. Sai guɗar Indo ta taso daga zaure, ya watsar da muciya, ya yi tsalle ɗaya ya dira a tabarma, ya kara rediyo a kunne.

'Yardada ta kwanta a ƙasa. Indo ta kasa numfashi, sai bubbuga cinya take tana nuna shi da yatsa. Shekara arba'in da aure, 'Yardada ba ta taɓa sanin ƙugun mijinta yana lanƙwasuwa ba.

"Motsa jiki ne," in ji Malam. "Likita ya ce in riƙa yi."

"Da muciya, Malam?"

"A sake sakawa!" in ji Indo. "Don Allah a sake!"

Sau uku suka kalla. A na ukun gefen bakin Malam ya fara rawa, ya yi tari don ya ɓoye, tarin ya rikiɗe ya zama dariya, har ya cire tabarau yana goge ido. Da ya mayar da shi, ya karɓi wayar, ya lura da wani rubutu a ƙasa. Ya danna, hotunan suka rabu gida-gida, kowane da sunansa.

"Kun gani? Na kyamara daban, waɗanda aka aiko daban. Ga na Watsaf nan. Da ma na ce akwai ma'ajiya."

Ya buɗe. Su ne a sahun farko, cikin farin tawul, mai hamma da mai dambe. Indo ta saki guɗar da ta tayar da tattabarun kan soro. Ta ce yaron hancin 'Yardada ya ɗebo, 'Yardada ta ce ƙarya ne, na ubansa ne. Malam kuwa ya gyara tabarau. Ya kusanto da gilashin, ya daɗe yana kallon yarinyar.

"Wannan goshin na mahaifiyata ne," ya ce a hankali. "Allah ya jiƙanta. Ku duba, har yadda take tamke fuska."

Ya ƙi sakin wayar sai da suka yi masa magiya. Suka yafa mayafi za su zaga dangi da maƙwabta, ya bi su har zaure yana jan kunne.

"Jariran kawai za ku nuna. Kun ji ko? Ɗaya abin a bar shi a inda yake."

"Haba Malam, sai ka ce yara," in ji 'Yardada. Indo kuwa ta toshe baki da mayafi.

Da azahar Malam ya fito masallaci. Tun daga bakin lungu ake yi masa barka, kowa baki har kunne, fiye da yadda barka take bukata. Yana cire takalmi sai ga Alhaji Isyaku, abokinsa mai sayar da yadi a Kwari, ya matso kusa da shi. Ya ɗaga kafaɗar dama, ya sauke, ya ɗaga ta hagu.

Malam Gwadabe ya dube shi daga sama har ƙasa, ya gyara hula.

"Tagwaye ne, Alhaji," ya ce. "Da ɗaya ne, da na daure."