Bas a Bayan Kabad

Ranar da za mu tashi daga ɗakinmu na saman bene, na farka da ciwon kafaɗa irin wanda rolar fenti take bar wa mutum, na daɗe a kwance ina kallon bango.

Yaya tana cewa ɓata bangon nan na yi. Ni dai na san zane na yi. Tun da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki ya bar tuƙin bas, gadonsa wannan bango yake fuskanta, tagar ɗakin kuwa ba abin da take nunawa sai bututun ruwan maƙwabta. Ina aiki da masu fentin gidaje, kuma duk gidan da muka gama sai na kankare gindin gwangwanaye na zo da ragowar. Da ita na zana masa tashar da ya yi shekaru yana lodi a ciki. Abin da na samu da shi nake yi. Sama ta fito koriya irin ta ɗakin asibiti, titi ya ɗauki launin ƙofar gareji, fasinjoji wasu shuɗɗa wasu ruwan toka. Baba ya ce shi bai taɓa ganin shuɗin fasinja ba, sai dai wanda mota ta tashi ta bari. Maganarsa ta karkace tun ciwon, mu na gida kaɗai muke ganewa, amma tsokanarsa ba ta ragu ba.

Matsalar ita ce bas ɗin. Daga bayan motar na fara, ja jawur, ban auna ba, ina ta jan layi har na ci karo da kabad ɗin marigayiya Inna. Kabad ne na katako mai nauyi, a cikin ɗakin kafinta ya haɗa shi, kuma ba inda za a matsar da shi sai an fitar da gado. Sai motar ta tsaya haka: tayoyin baya, tagogi, kaya a sama, amma ba gilashin gaba, ba fitila, ba direba. Duk wanda ya shigo dubiya sai Baba ya nuna masa da hannunsa mai lafiya ya ce motar nan irin Auta ce, wato ni, ta shiga ba ta fito ba. Daga nan sai ya fara jero wa baƙo: makaranta, garejin kanikanci, shagon tela, wankin mota. Baƙo ya yi dariya, ni ma na yi.

Yanzu Yaya za ta ɗauke shi zuwa gidanta, inda ba matakala, don saukar da shi duk ranar asibiti ya gama da bayanmu. Wakilin mai gida ya ce da yamma yake son makulli, bango kuma fari tas, saboda sabbin 'yan haya suna shigowa washegari. A jajibirin tashin ne kafinta ya zo ya warware kabad. Da aka fitar da katako na ƙarshe sai ga wurin a buɗe, tsohon bango mai yanar gizo-gizo, daidai inda gaban motar ya kamata ya zauna. Abu ɗaya nake so: in ƙarasa motar nan Baba ya gan ta da gabanta kafin a sauke shi. Bayan haka ko a rushe bangon ma.

Jan fentin da na ajiye ya bushe ya zama dutse, don haka da sassafe, bayan mun kai Baba falon maƙwabciyarmu saboda ƙura, na fita zuwa inda muke ajiye kayan aiki don in samo wani. Tun kwana biyu kafin nan na roƙi Na-Sama ya zo ya taya ni shafe ɗakin. Abokin aikina ne, ana ce masa haka don kullum shi ke kan tsani. Na gaya masa ɗaki ɗaya ne, farin fenti, na kwatanta masa gidan. Ban ce ya jira ni ba, don a saninsa da na yi ranar hutu ba ya tashi sai rana ta take.

Ranar nan kuwa ya tashi da wuri. Da na dawo, tun daga matakala na ji ƙarar rola a bango, wannan tsut-tsut ɗin da take yi in ta sha fenti. A aikinmu in ka shiga ɗakin da aka kwashe kaya ba ka tambayar kowa komai: bangon da ya fi nisa da ƙofa kake fara wa, daga sama zuwa ƙasa. Haka aka koya mana, haka Na-Sama ya yi. Koriyar sama ta tafi, rufin tasha ya tafi, fasinjoji duk ba kawuna, motar ma ya cinye mata kayan sama da rabin tagogi.

Bai ko juyo ba ya fara ƙorafi. Wai wane mara hankali ne zai sa fentin mai a ɗakin kwana, ga shi fentin ruwa yana ta zamewa a kai ya ƙi kamawa, ga sampepa tana wurina. Da ya juyo ya ga gwangwanin ja a hannuna sai ya sauke rola a hankali.

"Kai ne mara hankalin?"

Na ce ni ne.

"To ai ba ka faɗa ba. Na ɗauka 'ya'yan masu haya na da ne."

Na zauna a kan bokiti. Ko fushi ban iya yi ba, gajiya ce kawai ta sauko min har tafin ƙafa. Ina kallon farin yana tattaruwa ɗigo-ɗigo a kan jan motar, yadda ruwa yake yi a kan faranti mai maiƙo, sai na tuna abin da kowane ɗan fenti ya sani. Fentin ruwa a kan na mai, in ba a goge da sampepa ba, kafin ya bushe soso da ruwa suna fitar da shi.

Na-Sama ya gane tun kafin na buɗe baki. Ya ce in yi tunani. In muka wanke, aikinsa na safe ya tafi a banza. In kuma na ɗora sabon fentin mai, ba zai bushe yau ba, sai dai mu kankare shi da ɗanyensa, mu bi da kananzir, mu goge bangon gaba ɗaya, sannan mu shafa fari sau biyu. Ya ce shi hutunsa ɗaya ne a mako, ya zo taimako ne, bai zo sayar da ransa ba.

Yaya ta shigo da kwali a kai ta tarar da maganar. Ta sauke kwalin, ta dubi bango, ta dube ni. Ta ce motar kaya tana hanya, mijinta rabin yini kawai ya roƙa a wurin aiki, Baba bai sha magani ba, ni kuma ina nan zan yi wa bangon wani kwalliya don in goge bayan awa guda. Idanunta sun faɗa, ɗankwalinta ya karkace, tun asuba take naɗe kaya.

"Auta, ni ma gwangwanayen kek ɗina suna cikin kwali tun da Baba ya kwanta. Ka taɓa jin na ce a dakata min?"

Sai ta buɗe kwalin da ta shigo da shi, ta tono soson wanke-wanke ta jefo min a cinya. Ta ce in motar ta iso ba za ta jira ni ba.

Muka wanke. Na-Sama ya hau tsani yana mita, ni ina ƙasa farin ruwa yana bin hannuna yana shiga hammata. Inda ya fara shafawa ya riga ya soma kamawa, sai da muka dirje. Zanen ya dawo, amma ba kamar da ba. Farin ya maƙale a duk inda buroshi ya bar layi, tashar ta yi kamar ana kallonta ta cikin tsohon labule. Wata shuɗiyar mata da na fi so, mai riƙe da yaro, fuskarta ta tafi da soso gaba ɗaya.

Na share yanar gizo-gizo na fara gaban motar. Layin farko ya karkace na goge. Sabon jan ya fi tsohon haske, motar ta zama kamar an yi mata faci. Na-Sama, wanda ya ce ba ruwansa, ya kalla ya kalla ya kasa haƙuri, ya karɓe gwangwanin ya ɗiga masa ruwan ƙasa kaɗan, ya juya da tsinke, ya gwada a bayan hannunsa. Ya dace ɗin. Ya ce in da zan sa rabin wannan natsuwar a gefen tagogin mutane da maigidan aikinmu ya daina zagina.

Wakili ya leƙo a tsakiyar haka. Ya dubi bango, ya dubi farin ruwan da ya kwanta a ƙasa, ya dubi agogonsa. Ya ce shi dai yamma ya sani, ya wuce.

Na yi gilashi da ragowar ruwan toka, na yi fitilu, na yi madubin gefe. Direban ne ya ba ni wahala. Ban iya fuska ba, ban taɓa iyawa ba, don haka na yi shi a karkace, hula ta rufe goshi, gwiwar hannu ɗaya a waje ta taga yadda Baba yake zama in yana jiran mota ta cika. Ina kan tayar gaba direban motar kaya ya danna hon a ƙasa. Na zagaye ta da baƙi da sauri, ta ɗan fi ta baya girma, na ajiye buroshi.

Mijin Yaya ya hauro yana haki. Ni da shi muka ɗauko Baba a kan kujera daga falon maƙwabciya, shi a gaba ni a baya, Yaya tana biye da ledar magani. Da muka zo daidai ƙofarmu na ce mu shiga. Ya ce bayansa ba na ƙarfe ba ne, kuma warin fenti ba zai yi wa tsoho daɗi ba. Yaya ce ta ce masa ya shiga kawai, ya fi sauri a kan gardama.

Muka ajiye kujerar a tsakiyar ɗaki, inda gadon yake a da. Ɗakin ya yi girma da ba kaya, muryoyi suna amsawa. Baba ya daɗe yana kallo. Idonsa ya bi motar daga baya har gaba, ya tsaya a kan direban, ya sauko kan taya. Yawu ya taru a gefen bakinsa, Yaya ta goge masa da bakin mayafi. Aka sake danna hon.

Ya ce wani abu, mijin Yaya bai gane ba ya tambaye ni. Na ce cewa ya yi da irin wannan taya ko bakin tasha motar ba za ta kai ba. Na-Sama ya yi dariya a kan tsani.

Sai Baba ya juyo da kansa wajena, abin da yake masa wuya.

"Ka gama?"

"Na gama, Baba."

Ya gyaɗa kai sau ɗaya. "To ka shafe musu da kyau. Kada a ce mun bar ƙazanta."

Muka sauke shi a hankali, mataki-mataki, muna hutawa a kwana. Na gyara masa matashi a gaban mota, Yaya ta ce in na ba da makulli in taho, za ta ajiye min abinci. Da suka tafi na sake hawa sama.

Na tarar Na-Sama ya yanka sampepa gida biyu, ya zuba kananzir a murfin gwangwani. Ya tambaye ni ko in ɗan zauna tukuna. Na ce a'a, rana tana tafiya. Ya miƙo min wuƙar kankara ya ce ɗanyen fentin ni zan kankare, shi ba zai taɓa ba, ya ja tsaninsa zuwa can ƙarshen bango ya fara daga sama.