Sai Ta Huce

Mun wuce Kibiya da kaɗan, ina taka mota iya ƙarfina, sai tururi ya turnuƙe gilashin gaba. Na gangara gefen titi na kashe ta.

"Baba Shitu, lafiya?" in ji Barira daga baya, kan mahaifinta a cinyarta.

"Zafi ta yi," na ce. Wallahi ji na yi kamar in kwaɗa wa motar nan dutse.

Mahaifin nata, Malam Ishiyaku, maƙwabcina ne a Durba, katanga ɗaya ta raba mu. Tun hantsi ƙirjinsa ya riƙe, numfashi da ƙyar, shi ne muka kwaso shi a tsohuwar fijonsa za mu asibiti a Rano. Fijon nan ta girmi Barira. Kullum kafin ya karya kumallo sai ya ɗaga bonet, ya duba baƙin mai, ya leƙa ruwan lagireto, ya latsa bel da yatsa. Har tsokanarsa nake, ina cewa amaryar da ba ta tsufa. Amma tunda ciwo ya kwantar da shi kwanakin baya ba wanda ya leƙa ta, ashe tiyon ruwa ya tsage yana ɗiga.

Can gefe wani makiyayi yana shayar da shanu a rijiya. Na ruga, ko sallamar kirki ban yi ba, na karɓo guga cike da ruwa mai sanyi ƙarara. Na naɗe hannu da hula zan buɗe murfin lagireto.

"Shitu." Muryar Malam kamar daga cikin tulu. "Kada ka zuba."

"Malam, ka ji da numfashinka!"

"Ruwan sanyi a inji mai zafi... kan injin zai tsage. Bari ta huce."

"Ta tsage mana! Ƙarfe ne fa, haba Malam!"

"In ta tsage, nan za mu yini. Kuma da ita yaran nan za su ci abinci." Ya ja numfashi har haƙarƙarinsa ya fito. "In ka zuba, ban yafe ba."

To fa. Ni mutum ne mai saurin hannu, duk Durba an sani, amma wa zai ɗauki wannan kalma daga bakin mai jinya? Na dire gugan, raina a ɓace, tsoro kuma ya cika ni.

Na tsaya tsakiyar titi. Wata babbar mota ta zo, na ɗaga hannu biyu, direban ya danna mini oda ya wuce, Allah ya isa. Mai babur ya tsaya, ya leƙa, ya ga Malam ba zai iya zama ba, ya yi mana sannu. Na kira wani ɗan'uwan Malam mai mota, wai yana Kano.

"Ɗaure tiyon da roba," in ji Malam. Na yanko robar ɗaure kaya na ɗaure. "Sa bayan hannunka a jikinta. In ka iya jurewa, ka tayar da ita tukuna, sannan ka zuba kaɗan-kaɗan."

Na taɓa, ta ƙone ni. Na zagaya, na dawo, ta sake ƙona ni. Barira tana yi masa fifita da gefen mayafi, tana laƙƙana masa kalmar shahada a hankali. Na yi kamar ban ji ba.

Da hannuna ya iya zama a kan ƙarfen, na murɗa makulli. Bugu ɗaya ta tashi. Na tsiyaya ruwan kaɗan-kaɗan har lagireton ya cika.

"Malam, ta tashi! Ka ji ta kuwa?"

Na leƙa ta taga. Barira ta daina fifita, ta lulluɓe masa fuska da mayafin.

Makiyayin ya ƙaraso karɓar gugansa, ya gani, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Shi ya kore mini shanu daga hanya na samu na juya kan motar zuwa Durba.

Mun ɗan taɓa tafiya sai Barira ta yi magana, ba ta ko ɗago ba.

"Baba Shitu, bi a hankali. Akwai ramuka."