Tawada a Yatsan Baba Tela

"Inna, tare masa kai, kar ya bugi ƙyaure," in ji Mai Aski, yana fitowa da maƙwabcinsa Baba Tela a goye. Tsohon ba nauyi, kamar an goya tsumma, numfashinsa na fita da ƙyar.

Ranar zaɓen shugaban birni ce, an hana motocin haya fita. Titi fayau, sai fuskokin 'yan takara a jikin bango, kowa ya washe haƙora. Asibiti kuwa yana can ƙarshen gari. Abin hawa ɗaya ne ke yawo, bas ɗin jam'iyya mai alamar famfo, wadda ke kwasar mutane zuwa rumfar zaɓe. Famfon unguwar dai rabonsa da ruwa tun zaɓen da ya wuce.

Mai Aski ya sha gaban bas ɗin a tsakiyar titi.

"Don Allah ku taimaka ku kai mu asibiti. Ƙirjinsa ne."

Wakilin jam'iyya ya leƙo ta taga. "Af! Ba Baba Tela ba ne? Ai shi ya ɗinka mana tutocin nan. Yana da katin zaɓe?"

"Yana da shi," in ji Inna, matar tsohon, da sauri. Baiwar Allah, ta zaci abin da zai sa a buɗe musu ƙofa ke nan. Aka kuwa buɗe.

"Ku shigo. Rumfa a kan hanya take. Ya dangwala kawai mu wuce, marar lafiya ba ya bin layi."

Mai Aski ya san ba a kan hanya take ba. Ya gyara wa tsohon zama kawai, don tsoron kar a sauke su.

A makarantar da ake zaɓen, suka zaunar da Baba a kan bencin yara. Nan wakilin jam'iyya mai alamar tsani ya yi tsalle ya dire.

"Ba mu yarda ba! Kun kwaso mutum ko hannu ba ya iya ɗagawa. Kuma ma namu ne, shi ya ɗinka mana hulunanmu!"

"Naku a ina?" in ji wakilin jam'iyyar famfo.

"Jama'a, mutumin nan mutuwa zai yi!" in ji Mai Aski. Ba wanda ya ko waiwayo. Aka yi ta cacar baki, aka kira jami'in zaɓe, shi ma ya kira na gaba da shi a waya. Da ƙyar aka amince Inna ta kama masa hannu ya dangwala. Ita kanta ba ta san inda yatsan ya sauka ba.

Da suka fito, wurin da bas ta tsaya wayam.

"Ta je ɗebo wasu, yanzun nan za ta dawo," in ji wakilin jam'iyyar famfo, yana duban wani wajen.

Suka zauna a gindin katanga, kan Baba a cinyar Mai Aski. Takaici ya hana shi ko kuka. Yana fifita tsohon da wata fastar ɗan takara da ta faɗo, har ya lura ƙirjin ya daina motsi. Bai daina fifitar ba.

Can bas ta dawo maƙil da mutane, tana ta hon, tutocin Baba na kaɗawa a samanta. Inna ba ta ɗaga kai ba. Ta jiƙa bakin zanenta da yawu, tana ta goge masa babban yatsa a hankali, tawadar ta ƙi fita.