Jinyar Sista Furera

"Ba haka ake juya mara lafiya ba," in ji Sista Furera. "Hannu ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu. Ni ba buhun gero ba ce."

Ɗiyata Hadiza ta sake gwadawa. Ina tsaye bakin ƙofa da kwanon kunun da na kawo, raina a ɓace. Mace ciwon ƙoda ya kumbura mata ƙafafu, amma bakin nan yana nan daram.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Sista a unguwar Kambarawa. Ta daɗe tana koyarwa a makarantar ungozoma ta cikin asibiti kafin ta yi ritaya. Ba ta da ɗa, ba ta da jika, kuma ita ta tsaya wa Hadiza har ta samu shiga. A shekarar da soja suka miƙa mulki, rannan da tsakar rana, sai ga yarinyar nan ta dawo a guje, ta cusa farar rigarta ta makaranta ƙarƙashin gado. Ashe wata mai haihuwa ce jini ya ɓalle mata, Hadiza na riƙe da hannunta. Da ta ga idon matar ya kafe, sai ta saki hannun ta ruga. Makaranta ta ce in ba ta koma kafin jarrabawa ba, ta rasa gurbinta.

Ni dai daɗi na ji, ba zan ɓoye ba. Dama ban taɓa son ɗiyata ta wuni cikin jinin mutane ba.

Sista ba ta yi mata faɗa ba. Aikowa ta yi cewa ba za ta kwanta asibiti ba, Hadiza take so ta yi jinyarta. Ina zan ce a'a ga maƙwabciya?

Ranar da take koya mata juya mara lafiyan nan, da suka gama, ta riƙo zanen Hadiza.

"Mi kika gani ranar da kika gudu?"

"Sista, kallona take yi."

"To wa kike so ta kalla, bango?" Ta ja numfashi da ƙyar. "Laifinmu ne. A aji da 'yar tsanar roba muke nuna muku yadda ake karɓar mai zuwa. Yadda ake raka mai tafiya kuwa, ba mu da 'yar tsanarsa. Sai dai ki koya a kaina."

Na dire kwanon. "Haba Sista, wannan wace irin magana ce? Yarinya ce fa."

"Maman Hadiza," ta ce da ni, "kununki ya yi tsami da yawa."

Haushi ya kama ni, tausayi ya kama ni, na rasa wanda zan bi. Haka aka ci gaba. Hadiza ta goge mata jiki, ta gyara shimfiɗa, ta duba bugun jini, ita kuwa tana kwance tana gyara mata kuskure. Maganar makaranta babu mai tayarwa.

Wata safiya da hantsi, rediyon maƙwabta na ta zancen sababbin gwamnoni, numfashin Sista ya canja. Na ga Hadiza ta miƙe, ta dubi ƙofa. Sista ta ɗan buɗe tafin hannunta a kan zanen gado. Na fita kiran ƙanenta Malam Gwadabe, ina jiran jin takun yarinyar a bayana.

Ban ji ba. Da muka dawo, Hadiza na zaune bakin gado, hannun Sista cikin nata, tana maimaita kalmar shahada a hankali. Ta daɗe a haka. Sannan ta shafa mata ido ta rufe, ta cire ɗankwalinta ta ɗaure mata haɓa, ta miƙar da ƙafafun nan masu nauyi.

"Inna," ta ce, "ta cika."

Sai a lokacin ta yi kuka. Ni ma na yi, don na so matar nan duk da bakinta.

Washegarin sadakar uku na fito tsakar gida zan hura wuta, sai na ga farar rigar a kan igiya tana ɗigar ruwa. Zanena mai zubar launi yana shanye kusa da ita. Na janye shi can gefe don kada ya taɓa ta.